A Juya Kwali A Duba Bayansa: Lissafin Sukari Ga Ɗan Kasuwa

Jawabin da magatakardan ƙungiya ya gabatar a taron tunawa da ranar kafa ƙungiya, a Ajame, Abijan.



Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, malamanmu Allah ya gafarta muku, iyayenmu mata da yayyenmu, 'yan'uwana 'yan kasuwa na Ajame da na Tireshibil, da baƙinmu da suka taso daga Kumasi, Lome, Kwatano, Maraɗi da Kano, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan ƙungiya, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya.

An riga an karanta lissafin shekara, kowa ya ji shiga da fita. Shugaba ya ba ni izinin in ƙara magana kaɗan a kan wani abu da littafin asusun taimako yake nuna mini. Idan mutum ya buɗe shafukan baya, abin da aka fi fitar wa kuɗi shi ne haɗarin mota, gobara, kayan da duwan ta riƙe, da kai gawa gida. A shafukan yanzu akwai wani abu da yake ta dawowa: kuɗin maganin ciwon sukari, gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, idon da ya fara dusashewa, ƙodar da ta gaza. Ba zan kama sunan kowa ba, amma kusan kowa a zauren nan ya san wani. Kuma wanda ciwon ya kwantar, rumfarsa rufewa take yi, jarinsa ya narke a asibiti, iyalinsa a can gida su daina ganin aike.

Ni ba likita ba ne. Aikina karanta takarda ne: takardar duwan, rasiɗin kaya, wasiƙar hukuma. Don haka yau ma wata takarda zan nuna muku yadda ake karantawa, wadda take manne a bayan gwangwani da kwalba da kwalin da muke saye, muke sha, muke kuma sayarwa.

Kowa ya san yadda ake sayen waya a Black Market. Ba wanda zai ga kwali mai sheƙi ya zaro kuɗi. Sai an buɗe, an kunna, an duba batir, an gwada lambar da ke jikin kwali da ta cikin wayar, an sa layi an kira wani an ji. Yaron da ya yi wata uku a kasuwar ma ya san ba a cinikin biri a sama. Amma mu ɗin nan, in rana ta take, sai mu miƙa hannu mu ɗauki kwalbar lemu mai sanyi mu shanye, ba mu juya bayanta ba. Abin da nake roƙo shi ne mu riƙa yi wa abincinmu irin binciken da muke yi wa kayan kasuwa.

Mu fara da ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a nan ake ce wa OMS, a Gana da Najeriya kuma WHO, ta fitar da shawara a shekarar 2015. Ta ce sukarin da ake zubawa a abinci da abin sha, haɗe da wanda ke cikin zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum yake ci a yini. Ga babban mutum mai cin abinci daidai misali, wannan ya kama kusan giram 50. Ta ƙara da cewa in aka rage zuwa giram 25, ya fi. Lemun zaƙi ko mangwaron da ka ci da ɓargonsa, da madarar da ba a ƙara mata komai ba, ba sa cikin wannan lissafi.

Giram ba abin da ido yake gani ba ne, don haka mu mayar da shi ƙwayar sukari ta kwali, wadda muke jefawa a shayi. Ƙwaya ɗaya ta kan kai giram 5 zuwa 6. Mu ɗauka 5 don sauƙi. Giram 50 ke nan ƙwaya 10, giram 25 kuma ƙwaya 5. Mu da muke lissafi da dala, raba abu biyar ba baƙo ba ne a wurinmu. In an ce maka sefa 50, ba ka tsayawa tunani, ka san dala goma ce. Haka za ka yi da sukari: duk lambar giram da ka gani, mayar da ita dala, ka samu yawan ƙwayoyin.

Yanzu ga takardar. Ka juya kwalin, ka nemi ɗan jadawali mai layuka. A kayan da aka rubuta da Faransanci, kansa yana ɗauke da Valeurs nutritionnelles. A na Gana da Najeriya za ka ga Nutrition information ko Nutrition facts. A cikin jadawalin akwai layi mai suna Glucides, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta dont sucres. Wannan na ƙasan shi ne sukari. A na Ingilishi, na saman Carbohydrate ne, na ƙasan of which sugars ko Sugars. Kayan Dubai da Masar ba za su ba wanda ya yi makarantar allo wahala ba, domin kalmar sukkar ce a rubuce da Larabci. A biskit na Turkiyya kalmar şeker ce, a kayan Barazil açúcar, a na Indunusiya gula.

Sau da yawa jadawalin yana da ginshiƙi biyu. Ɗaya an rubuta pour 100 g ko pour 100 ml, ɗaya kuma par portion ko per serving. Ka riƙe na giram 100, domin shi ne mudun da bai canzawa daga kamfani zuwa kamfani. Ɗayan kuwa kamfani ne yake yanka wa kansa abin da ya ga dama ya kira rabon mutum ɗaya. Misali, a ce fakitin biskit mai giram 100 ne, an rubuta rabon mutum giram 25, sukarinsa giram 7. Sai ka ce ai kaɗan ne. Amma wa yake buɗe fakiti a cikin mota tsakanin Abijan da Wangolo ya ci kashi ɗaya cikin huɗu ya ajiye? Fakitin duka giram 28 ne, ƙwaya 5 da ɗoriya.

Abu biyu ƙanana suna ruɗar mutane. Na farko, Bafaranshe yana raba lamba da waƙafi, Bature na Ingila kuma da ɗigo: 10,6 da 10.6 abu ɗaya ne, goma da ɗan ƙari, ba ɗari da shida ba. Na biyu, ana rubuta girman kwalba da cl, jadawali kuma da ml. Ka ƙara sifili ɗaya kawai: 30 cl shi ne 300 ml, 50 cl shi ne 500 ml.

Mu gwada da abin da kowa ya sani. Coca-Cola na asali yana da kusan giram 10,6 a kowane 100 ml. Kwalba mai 30 cl sau uku ke nan, kusan giram 32, ƙwaya 6. Robar 50 cl sau biyar, giram 53, ƙwaya 10 da ɗoriya. Roba ɗaya ta cinye rabon yini duka, tun ba a yi maganar shayin safe ba. Ba wanda zai yarda ya zauna ya tauna ƙwaya goma a gaban mutane, amma a cikin ruwa mai sanyi ba ma jin komai.

Sai madarar gwangwani, wadda mu masu karin kumallo a kiyos muka fi kowa sha. Iri biyu ce, kuma kalma ɗaya ce ta raba su. Lait concentré sucré, mai kaurin nan da ake tsiyayawa kamar zuma, fiye da rabinta sukari ne, kusan giram 55 a kowane giram 100. Ƙaramin gwangwani mai giram 397 yana ɗauke da fiye da ƙwaya 40. Babban nan na kilo ɗaya da ke kan teburin mai kiyos kuwa ya haura rabin kilo na sukari. Ɗayar, lait concentré non sucré, irin su Peak ta ruwa, tana da kusan giram 10, kuma na madarar ne da kanta. Wanda ya ce a zuba masa mai kaurin, sannan ya ƙara ƙwaya uku, ya sha sukari sau biyu a kofi ɗaya. Cakulan da ake shafa wa yara a burodi shi ma haka ne: Nutella, alal misali, ya haura giram 55 a giram 100.

Akwai waɗanda muke sha da sunan lafiya. Lemun malt, da ake kai wa mara lafiya da mai jego ana cewa yana ƙara jini, sukarinsa yana kusa da na lemun kwalba, wani ma ya fi. Ruwan 'ya'yan itace na kwali, ko da an rubuta 100 % pur jus, yana da kusan giram 9 zuwa 10 a 100 ml in na lemun zaƙi ne. Wanda aka rubuta wa nectar kuwa, ruwa aka ƙara masa, sau da yawa har da sukari. Zuma ma kusan kashi 80 cikin 100 ɗinta sukari ne. Duka halal ne, duka ni'ima ce, amma mai ciwon sukari ya san cewa jikinsa yana lissafa su.

Ga ma'auni mai sauƙin riƙewa, wanda ake amfani da shi a Ingila wajen sa wa kaya launi. A abincin da ake taunawa, giram 5 ko ƙasa da haka a cikin giram 100 kaɗan ne, abin da ya haura giram 22,5 kuma ya yi yawa. A abin sha, kaɗan shi ne giram 2,5 ko ƙasa a 100 ml. Duk da haka, a abin sha ka lissafa kwalbar duka, tunda duka za ka shanye.

Bayan jadawali akwai wani wuri na biyu, jerin abubuwan da aka haɗa, wanda aka rubuta wa Ingrédients. Ƙa'idar duniya ita ce a fara da abin da ya fi nauyi a ciki, a sauko zuwa mafi ƙanƙanta. In ka ga sucre ko sugar a na farko, na biyu ko na uku, ka san shi ne jigon kayan. Kuma sukari yana da sunaye da yawa, kamar ɗan kasuwar da yake da suna daban a kowace boda. Akwai saccharose, glucose, fructose, dextrose, maltose. Kun ji duk ƙarshensu ɗaya ne, ose. Akwai kuma duk abin da aka kira sirop ko syrup, da miel wato zuma, da mélasse. Wani kamfani yakan sa iri biyu ko uku, kowanne kaɗan kaɗan, sai ba wanda ya fito a farkon jeri. In ka haɗa su za ka ga gaskiya. Wannan jerin kuma shi yake raba maka sukarin da aka zuba da wanda Allah ya halitta a ciki. Madarar gari zalla tana nuna lamba babba a layin sucres, amma in jerin bai ambaci sukari ba, na madarar ne. Iyayenmu mata su duba har tumatirin leda, domin wasu ana haɗa su da sukari da sitaci.

Gaban kwali kuwa talla ne, kamar yaron da yake kiran mutane a bakin rumfa. A dokar Tarayyar Turai, inda kaya da yawa suke zuwar mana, sans sucres yana nufin bai wuce rabin giram ba a giram 100. Sans sucres ajoutés yana nufin ba a zuba ba, amma na asali yana nan, kuma yana iya yawa. Allégé ko light yana nufin an rage wani abu, ta yiwu ma mai aka rage ba sukari ba. Lambar NAFDAC a kayan Najeriya, ko ta FDA a na Gana, tana nuna an yi wa kayan rajista ne, ba ta ce sukarinsa kaɗan ne ba. Haka tambarin halal. Masu ɗauke da édulcorants, irin su aspartame da sucralose, suna da zaƙi ba tare da sukari ba. Suna iya taimakon mai neman rabuwa da lemu, amma ruwa ya fi su, kuma ya fi araha.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, mu masu ƙetare iyaka. Suna ɗaya, kwali iri ɗaya, amma haɗin yana iya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A watan Afrilu na 2024 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da binciken da ya nuna cewa abincin jarirai na Cerelac da ake sayarwa a ƙasashen Afirka da Asiya da dama yana ɗauke da sukarin da aka ƙara, alhali irinsa da ake sayarwa a Jamus da Ingila babu. Don haka karanta na Abijan bai ɗauke maka karanta na Legas ba. Gwamnatoci ma sun fara sa hannu. Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemu mai zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Gana ta sa nata na kashi 20 cikin 100 a 2023. Mai ɗauko lemu ta Nowe da Elubo ko ta Seme ya kamata ya san da haka, ko don farashi.

Wani zai ce, to malam magatakarda, garba fa? Ai ba shi da takarda. Gaskiya ne. Acake da kifin nan da 'yan'uwanmu suka yi suna da shi har ya ɗauki sunan Garba, da alloko, da shinkafa, da burodi, da tuwo, ba mai manna musu jadawali. Ba su da zaƙin lemu, amma sitacin da ke cikinsu yana komawa sukari a jini. Shi ya sa mai ciwon sukari ba zai tsaya a layin sucres kawai ba, sai ya duba na samansa, Glucides, wanda ya haɗa sitaci da sukari. A faranti kuma ya rage tulin acaken, ya ƙara kifi, tumatir, albasa da ganye. Zoɓo da ake ce wa bisap, da ruwan citta, da dege, da fura, su ma hannun mai haɗawa ne ma'auninsu. Ka tambayi mai sayarwa, ko ka sa a cire maka naka kafin a zuba sukari. Matambayi ba ya ɓata. Shayin da muke dafawa a rumfa zagaye uku kuwa, mu da kanmu muke zuba masa, mun san adadin. A rage ƙwaya ɗaya wannan mako, a ƙara rage ɗaya mako mai zuwa, harshe zai saba.

Ga waɗanda likita ya riga ya ɗora a kan magani, ina da roƙo biyu. Kada karanta kwali ya sa mutum ya ajiye maganinsa ko ya canza shi da na mai talla a tasha. Sannan mai yin allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa ƙwarai in ya daɗe bai ci ba, kamar ranar da aka yini a layin boda. Alamarsa rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri da ruɗewa. Irin wannan mutum ya riƙa tafiya da 'yan ƙwayoyin sukari a aljihu, ya kuma gaya wa abokin tafiyarsa. Kafin azumi ma ya je ya ga likitansa, su tsara maganin da abin buɗa baki, har da adadin dabino.

Ga sauranmu da muke ganin lafiyarmu ƙalau, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su sani ba. Yawan ƙishirwa, yawan fitsarin dare, rama ba dalili, da ciwon da ba ya warkewa da wuri, alamu ne. Amma yana iya zama a jiki shekaru ba alama. Gwajin ɗigon jini ne a yatsa, da safe kafin a ci komai. A nan ana rubuta sakamakon da g/l, kuma iyakar da likitoci suke dubawa ita ce 1,26. A Gana da Najeriya za ka ga an rubuta 126 mg/dl ko 7 mmol/l, duk abu ɗaya ne. In ya kai haka, sai an sake gwadawa likita ya tabbatar. Kuma ba mu da uzurin nisa, domin cibiyar masu ciwon sukari ta Abijan, CADA, tana nan Ajame a cikin INSP, mutanen Tireshibil kuma ga babban asibitin CHU kusa da su.

Magana ta ƙarshe ta amana ce. Mu ba masu sha kawai ba ne, da hannunmu kayan nan suke shiga Wagadugu, Yamai, Gaya da Maraɗi, su isa ƙauyukan da mai saye ba ya karanta Faransanci ko Ingilishi, maganarka kawai ya dogara da ita. In tsohuwa ta ce maka likita ya hana ta sukari, kada ka miƙa mata lemun malt ka ce na lafiya ne don kada ciniki ya wuce ka. Ka juya kwalin ka karanta mata. Kayan da ba su da jerin abin da aka haɗa, ba sunan kamfani, ba ranar ƙarewa, kada mu ɗauko su komai arharsu. Kuma a kowane lodi a sa madara mara sukari da makamantanta, domin masu nemansu suna ƙaruwa.

Ina miƙa wa shugabanni shawara uku su duba. A buga kalmomin nan da na lissafa a ƙaramar takarda, da boko da ajami, a manna a ofis da rumfuna. A nemi ma'aikatan lafiya su zo su yi wa 'yan ƙungiya gwaji a kusa da 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya. Sannan a tarukanmu, har da walimar yau, a sa ruwa ya fi lemu yawa a kan tebur. Wanda kuma ya ci karo da kwalin da ya gagare shi, ya kawo ofis bayan la'asar mu karanta tare, ba ko dala.

Lafiya uwar jiki, ita ce kuma babban jarin ɗan kasuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare matafiyanmu a hanya, ya sa albarka a cinikinmu, ya nuna mana taron baɗi da rai da lafiya.